Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Sashe na 42 da Takardar Asali

A damunar da ta wuce ɗan yayata ya zo wurina da takardun neman gurbin karatu a jami'a, ya ce, "Kawu, ko'ina na cike, saura wuri ɗaya." Wurin da ya rage shi ne inda ake tambayar jihar asali da ƙaramar hukuma, tare da sharaɗin a haɗo takardar shaida, wadda kowa ke kira takardar indijin. An haifi yaron a wani gari na tsakiyar Najeriya, a can aka haifi mahaifinsa, kakansa kuwa shi ne ya je garin yana saurayi tun zamanin Turawa, fatauci ya kai shi, ya yi aure, ya gina gida, kuma a can kabarinsa yake. Da yaron ya je sakateriyar ƙaramar hukumarsu, ma'aikacin da ya tarar ya dubi sunansa, ya miƙo masa takardunsa cikin ladabi, ya ce masa ya nemi garin kakanninsa. Bai zage shi ba, bai ɗaga masa murya ba, kuma na tabbata a ransa bai ɗauka ya yi wani laifi ba, domin aikin da aka ɗora shi a kai ke nan.

Wannan ne ya sa na ɗauko kundin tsarin mulkin 1999 na zauna da shi, domin na sha jin lauyoyi a rediyo suna cewa doka ta hana nuna wariya, ina son in ga da idona abin da ta hana da abin da ta ƙyale.

Kafin a je ga kundin, ya kamata a daidaita ma'anar kalmar, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa hana nuna bambanci yana nufin hukuma ta yi wa kowa abu iri ɗaya a kowane hali. Babu gwamnatin da za ta iya haka, kuma da za ta iya ma da zalunci ne. Kullum doka tana rarrabe mutane: wanda bai kai shekara 18 ba ba ya jefa ƙuri'a, wanda ba shi da lasisi ba ya tuƙi, wanda bai yi karatun likita ba ba a ba shi wuƙar tiyata, mai samu da yawa kuma harajinsa ya fi na mai samu kaɗan. Ba wanda ke kiran waɗannan wariya, saboda a kowannensu akwai dalilin da ya dace da abin da ake nema, kuma dalilin yana iya tsayawa a gaban jama'a a faɗe shi ba tare da jin kunya ba. Wariya tana farawa ne a inda aka hana mutum abin da aka ba waninsa, ko aka ɗora masa abin da ba a ɗora wa waninsa ba, alhali ba don wani abu da ya yi ko ya kasa yi ba, sai don gidan da ya fito, ko harshen da ya tashi da shi, ko alƙiblar da yake fuskanta. Hausawa sun daɗe da sanin wannan a cikin gida, shi ya sa suke da ɗan mowa da ɗan bora. 'Ya'yan duka na maigida ne, tukunya ɗaya ake dafa musu, amma wani ana zuba masa da nama wani kuma sai romo, kuma laifin ɗan bora ɗaya ne tak, wato ɗakin da aka haife shi.

Sashe na 42 na kundin ya ɗauki wannan ma'ana kusan yadda take. Ya ce ɗan Najeriya ba za a ƙuntata masa ko a hana shi wani abu ba don kawai shi ɗan wata al'umma ne, ko wata ƙabila, ko don wurin da ya fito, ko don shi namiji ne ko mace, ko don addininsa, ko don ra'ayinsa na siyasa. Abubuwa shida ke nan. Akwai kuma wasu abubuwa uku a cikin sashen da ba kasafai ake ambatonsu ba, ga shi kuwa su ne ƙarfinsa. Na farko, bai tsaya ga hana ƙuntatawa ba, ya hana fifitawa ma, wato ba a yarda a ba ɗan wata ƙabila gata ko alfarmar da ba a ba sauran ba. Na biyu, ya ce ko a rubuce wariyar take ɓaro-ɓaro a cikin doka, ko kuwa wajen aiwatarwa ne ta bayyana, duk ɗaya ne. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin wariyar zamanin nan ba ta cika zuwa da sunanta ba. Hukuma tana iya sanya ranar jarrabawar ɗaukar aiki daidai lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi, ko ta ce sai ta intanet kaɗai za a nemi tallafin da aka ce na manoman karkara ne, ba ta ambaci kowa ba, amma kowa ya san wanda aka zubar. Na uku shi ne ƙaramin sashe na 2, wanda ya ce ba za a tauye wa ɗan ƙasa komai ba saboda yanayin haihuwarsa. Wannan jimla guda ta shafi wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba, ta shafi wanda ake yi wa gorin cewa kakanninsa bayi ne, ta kuma shafi zuriyar da wasu al'ummomin ƙasar Ibo ke kira osu suna ƙyamar auratayya da su.

Asalin wannan sashe ya girmi kundin da yake ciki. A 1957, lokacin da ake shirin samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu a dukan jihohi uku na wancan zamani sun nuna tsoron cewa manyan ƙabilu za su danne su da zarar Bature ya tafi, sai Ingila ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Henry Willink. Rahoton kwamitin na 1958 bai goyi bayan ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, kuma haka aka yi a kundin 1960. Daga nan hanin ya riƙa bin kowane kundi, ya zama sashe na 39 a na 1979, ya zama na 42 a na yanzu. Najeriya ta kuma mayar da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981 dokar cikin gida a 1983, kuma sashe na 2 na yarjejeniyar ya fi namu faɗi, domin ya haɗa da launin fata da harshe da dukiya, kuma kowane mutum yake karewa, ba ɗan ƙasa kaɗai ba. Abin lura a tarihin nan shi ne tsoron danniya ne ya haifi sashen, kuma za mu ga cewa wannan tsoron dai shi ne ya haifi abin da ke karya shi.

Ba daidai ba ne a ce sashen ado ne kawai, domin ya yi aiki a kotu. A shari'ar Ukeje, wani mutum ya rasu a Legas a 1981 bai bar wasiyya ba, iyalinsa suka nemi fitar da 'yarsa daga gado bisa al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. Sai a watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta bakin Mai Shari'a Bode Rhodes-Vivour, cewa al'adar ta saɓa wa sashe na 42, don haka ba ta da ƙarfin doka. Shekara 33 tsakanin rasuwar uba da hukuncin ƙarshe, wanda shi kansa wani abin dubawa ne game da wanda ke da ƙarfin jimirin neman haƙƙinsa a kotunanmu. Kada kuma mai karatu Bahaushe ya yi saurin cewa wannan matsalar wasu ce, tunda Musulunci ya yanka wa mace rabonta. Ya yanka mata, amma gonaki nawa ne a ƙauyukanmu 'yan'uwa maza suka riƙe shekara da shekaru da sunan ana noma wa kowa, alhali ko damin gero ɗaya ba ya isa ɗakin 'yar'uwarsu?

Shari'ar hijabi ta jihar Legas ita ma ta bi wannan hanya. Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hana ɗalibai mata Musulmi sanya hijabi a makarantun gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa ɗaliban haƙƙinsu a watan Yunin 2022, alƙalai biyar daga cikin bakwai suka rinjaya. Gwamnatin jihar ta kafa hujja da cewa kayan makaranta iri ɗaya ne ga kowa, ba a ware kowa ba, kuma a nan ne amfanin maganar aiwatarwa ya fito, domin ƙa'idar da ta yi wa kowa daidai a takarda tana iya tilasta wa yarinya ɗaya ta zaɓa tsakanin karatunta da addininta, alhali ta kusa da ita a benci ba a sa ta wannan zaɓi ba. Wanda ya yi murna da wannan hukunci, kuma na yi, ya kamata ya san cewa hujjar da ta kare yarinya Musulma a Legas ita ce za ta kare yarinya Kirista a makarantar gwamnati a Kano ko Gusau in aka tilasta mata abin da ba na addininta ba. Haka nan a aikin ɗan sanda, wata tsohuwar ƙa'ida ta wajabta wa 'yar sanda neman izini kafin ta yi aure, ba a wajabta wa namiji ba, Babbar Kotun Tarayya ta soke ta a 2012. Wata ƙa'idar kuma ta ce a kori 'yar sandan da ta yi ciki ba ta da aure, alhali ɗan sandan da ya yi wa wata ciki yana nan da kakinsa, ita ma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta ce wariya ce a 2023.

Sai dai sashen yana da iyaka. Lafazinsa doka ya ambata da ayyukan gwamnati, bai ambaci mai gidan hayar da ke cewa ba ya ba Bahaushe ɗaki ba, ko wanda ke cewa ba ya ba wanda ba Musulmi ba, ko mai kamfanin da ke jefar da takardar neman aiki da zarar ya ga sunan mai ita. Kundin Afirka ta Kudu na 1996, wanda aka rubuta bayan mulkin wariyar launin fata, ya fito fili ya ɗaure mutane masu zaman kansu ma, namu bai yi haka ba, ko da yake gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata hurumin sauraron ƙararrakin wariya a wurin aiki. Naƙasa ma ba ta cikin abubuwa shidan nan, shi ya sa aka buƙaci doka ta daban, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Duk wanda ya shiga sakateriya ko kotu ko banki a 'yan kwanakin nan yana iya ƙirga matattakalar da ya taka da kansa.

Babbar matsalar kuwa ba daga waje take ba, a cikin kundin take. Sashe na 14 ya wajabta a kafa gwamnatin tarayya da hukumominta yadda za su nuna fuskar ƙasar baki ɗaya, kada 'yan wasu jihohi kaɗan ko wasu ƙabilu kaɗan su mamaye, abin da muke kira tsarin raba-daidai. Janar Murtala Muhammad ne ya fito da kalmar fili a jawabinsa ga kwamitin rubuta tsarin mulki a watan Oktoban 1975, ta shiga kundin 1979, aka kafa mata hukuma ta musamman a 1996. Ƙa'idar hukumar ita ce kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 da kashi 3 cikin 100 na ma'aikatan kowace ma'aikatar tarayya, Abuja kuma kashi 1. Jami'o'in tarayya ma suna da nasu rabon wajen ɗaukar ɗalibai: kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Sashe na 42 kansa ya buɗe wa wannan ƙofa a ƙaramin sashe na 3, inda ya ce dokar da ta sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum muƙamin gwamnati ko ɗaukarsa soja ko ɗan sanda ba za a rushe ta da hujjar wariya ba.

Ni ba na cikin masu cewa raba-daidai zalunci ne daga tushe. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, kuma makarantun mishan sun yi shekaru da dama suna aiki a Legas da Abekuta da Kalaba kafin a buɗe makarantar boko ta farko a Kano. Lokacin da mulkin kai ya matso, da an ce takardar makaranta kaɗai za a duba, da kusan dukan ofisoshin Arewa da hafsoshin soja daga ɓangare ɗaya za su fito, kuma ƙasar da aka gina haka ba za ta zauna lafiya ba. Wannan ne ya sa gwamnatin Sardauna ta riƙi manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Jihar Arewa, shi ne kuma ya sa a 1961 aka yanka wa Arewa rabin guraben horar da hafsoshi, Gabas da Yamma kowace rubu'i. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan, Indiya ta rubuta nata a kundinta tun 1950 saboda waɗanda tsarin raba mutane aji-aji bisa haihuwa ya danne. Ɗaga wanda aka bari a baya yana cikin manufar hana wariya, muddin ana iya nuna cewa shi ɗin ne ake ɗagawa, kuma tazarar tana raguwa.

A nan ne nake da ja. A 2013 jaridu sun buga makin shiga makarantun sakandaren tarayya, inda ɗan jihar Anambra ke buƙatar maki 139, yaro namiji daga Yobe kuma maki 2. Fiye da shekara 50 bayan samun mulkin kai ke nan. In magani ya yi rabin ƙarni ana sha ciwo bai sauka ba, ya dace a tambayi mai ba da maganin. Kuma wa ke cin gurbin da aka ware wa jihar da aka bari a baya? Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne da ya yi firamare mai tsada a Abuja ko Kaduna, wanda bai taɓa zama a ajin da rufinsa ya yaye ba, shi ne zai je ƙauyen kakansa ya karɓo takarda ya shige da ita, yaron ƙauyen da aka yi tanadin dominsa kuwa ko labarin jarrabawar bai ji ba. Tsarin yana auna jiha, ba ya auna talauci, don haka ya zama rumfar da gwamnonin da suka ƙi gyara makarantun firamare suke fakewa a ƙarƙashinta.

Da raba-daidai ya tsaya ga mazauna jiha, da da sauƙi. Amma kundin ya ɗaure shi da asali. Sashe na 147 ya ce shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma lalle ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa mahaifin mutum ko mahaifiyarsa ko ɗaya daga kakanninsa ya kasance daga al'ummar da take 'yar asalin jihar, amma bai faɗi wace al'umma ce 'yar asali ba, bai kuma faɗi shekarar da za a fara ƙirge daga gare ta ba. Zuwan Turawa ne ma'auni, ko jihadin Shehu, ko kafin haka? Da kundin ya yi shiru, sai hukuncin ya faɗa hannun shugabannin ƙananan hukumomi 774 da hakimai da dagatai, kowa da son ransa da lissafin siyasarsa. Takardar da suke sa wa hannu kuwa ita ce mabuɗin kuɗin makaranta mai sauƙi a jami'ar jiha, da tallafin karatu, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan. Ga sashe na 41 ya ba kowa damar zama inda ya so, ga na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko'ina, ga na 15 ya ɗora wa gwamnati tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin mazauni a kowane yanki, amma na 15 ɗin yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. Abin da ke da haƙori a aikace shi ne hatimin ciyaman.

Jos ta nuna inda wannan ke kaiwa. Haƙar kuza ta tara Hausawa da sauran ƙabilu a garin tun farkon ƙarni na 20, Birom da Anaguta da Afizere kuma suna ganin ƙasar tasu ce tun kaka da kakanni. Bayan gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wane ne mai gari ta zama tambayar wa zai riƙe hatimi. Naɗa Bahaushe shugaban riƙon ƙaramar hukumar ya jawo tarzoma a watan Afrilun 1994, naɗa wani Bahaushen jami'in shirin yaƙi da talauci ya ɗumama garin kafin rikicin Satumban 2001 wanda ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin 'yan kwanaki, zaɓen ƙaramar hukuma kuma ya sake kunna wutar a Nuwamban 2008. Ana yawan ba da labarin a matsayin faɗan addini, kuma addini ya shiga, amma a ƙarƙashinsa akwai takarda.

Wanda ke zaton abin na addini ne ko ƙabila kawai, ya dubi jihar Abiya, wadda a 2011 ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu Ibo ne Kiristoci daga jihohin maƙwabta. Ya kuma dubi halin matan aure, waɗanda tsarin ya bari a tsakiya kamar jemage. Ƙa'idar raba-daidai ta ce matar aure tana nan a jihar mahaifinta, jihar mahaifin kuma takan ce ai ta yi aure ta tafi. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda haifaffiyar Anambra ce da aka gabatar a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta yi shekaru tana alƙalanci. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar alƙaliyar jihar saboda asalin iyayenta Akwa Ibom ne, sai a 2021 aka tabbatar da ita. In masu shari'a da kansu sun sha wannan, ina ga malamar firamare?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu Hausawa mun iya ba da labarin abin da ake yi wa 'yan'uwanmu a Jos da unguwar Sabo ta Ibadan da kasuwannin kudu, kuma gaskiya muke faɗa. Amma a Sabon Garin Kano da na Zariya akwai iyalan Ibo da Yarbawa da suka yi zuriya uku ko huɗu, Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi, harajinsu yana shiga asusun jiha, 'ya'yansu kuwa in sun je neman takardar nan amsar da aka ba ɗan yayata ita ake ba su. Bambancin da na lura da shi a ƙasar Hausa shi ne ƙofar takan buɗe wa baƙon da ya musulunta ya narke ya zama Bahaushe, ta kuma ƙi buɗewa ga wanda ya riƙe sunansa da cocinsa, wani lokaci har da Bamaguje Kirista wanda ya fi kowa asali a wurin. Wannan ma wariya ce, kuma tana cikin abubuwa shidan da sashe na 42 ya lissafa. Akwai lokacin da abin bai yi tsanani haka ba: a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'a ya hau.

Ban raina tsoron masu gari ba. Ƙaramar ƙabilar da duk duniya ba ta da wani wuri sai tsaunukanta da gonakinta tana da hujjar jin tsoron ranar da za a fi ta yawa a gidanta, ta rasa sarautarta da harshenta da filin noma, alhali wanda ya zo yana da wani babban gida da zai iya komawa, ko da a baki ne. Karin maganar nan ta baƙo raɓa ɗan gari kaba daga irin wannan tunani ta fito. Amma raɓar da ta kwana shekara 100 a wuri ɗaya ta daina zama raɓa. A ganina hanyar ita ce a raba abu biyu da aka cakuɗa. Sarautar gargajiya da al'ada da filayen gado na masu asali ne, kuma doka tana iya kare musu su ba tare da ta zalunci kowa ba. Makaranta da asibiti da tallafin karatu da aikin gwamnati kuwa da kuɗin jama'a ake yin su, don haka ma'auninsu ya zama zama a wuri da biyan haraji na wasu shekaru sanannu, waɗanda za a rubuta a doka yadda ba sai an roƙi ciyaman ba.

An gwada taɓa batun. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta kaɗa ƙuri'a kan gyare-gyaren kundin, ta yi watsi da ƙudirin da zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, tare da wanda zai ba mijin 'yar Najeriya ɗan wata ƙasa damar zama ɗan ƙasa, alhali sashe na 26 ya riga ya ba matar ɗan Najeriya wannan dama. Gwamnatin Kaduna zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sanar da daina bambanta ɗan asali da mazauni a hidimominta, ta kafa rajistar mazauna jiha, amma jiha ɗaya ba ta iya sauya abin da hukumomin tarayya ke tambaya a takardunsu. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya yi shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, suka ta yi masa yawa, ya janye shi.

Ɗan yayata dai ya sami takardarsa. Mahaifinsa ya tuna sunan ƙauyen da kakan ya baro, muka yi tambaya har muka gano wani dattijo da ya san gidan, muka ɗauki yaron muka yi tafiyar yini guda. Dagacin ya karɓe mu da mutunci, ya dubi yaron ya ce, "Ɗan gidan wa ke nan?" Dattijon ya ja salsala har ya kai ga wani suna da dagacin ya taɓa ji a bakin mahaifinsa, sai ya sa hannu, hakimi ya sa nasa, sakateriya ta buga hatimi. Yanzu a rajistar jami'a ana ƙirga shi cikin rabon jihar da ya kwana biyu a cikinta duk rayuwarsa, kuma gurbin da ya samu an cire shi ne daga kason yaran ƙauyen da suka tsaya a bakin zaure suna kallon motarmu.